Mutumin Da Ya Rufe Bakin Rijiya Ya Bar Cikinta

Wata rana da hantsi, cikin bazara, rana ta fara zafi amma ba ta kai ga ƙuna ba, aka yi sallama a ƙofar wani mutum a nan Tudun Wada. Mahaƙin rijiya ne. Sunansa mu bar shi, ba shi muke nema ba.

Mai sallamar wata tsohuwa ce, Hajo, mai ƙosai a hanyar tasha. Rijiyar gidanta ta lalace, ruwan ya koma wari, duba-gari ya zo ya leƙa ya ce a cike ta.

Ta ce, "Ɗan nan, ka cike mini ita. Gangunan da ke ciki ka kwashe, su ne ladanka."

To, ya 'yan uwa, rijiyar nan ƙasarta mai zubewa ce, shi ya sa aka jera mata tsofaffin gangunan ƙarfe, waɗanda aka yanke bakinsu da gindinsu, su riƙe bango. Aikin kuwa yana da ƙa'ida, kowane mahaƙi ya san ta. Daga can ƙasa ake fara zuba duwatsu da marmara, ana daddaɓewa. In cikon ya iso gindin ganga, sai a zare ta, a ci gaba. Aiki ne mai cin lokaci, mai gajiyar da jakuna.

Mutumin nan ya leƙa zurfin rijiyar, ya dubi jakunansa, ya dubi rana. Sai ya shiga ya zare gangunan duka, ya kai wa maƙera. Ya sauka kamar tsayin mutum, ya gitta itatuwa, ya shimfiɗa tsohuwar zana a kai, ya zuba ƙasa ya daddaɓe, ya yayyafa ruwa. Sama ya yi sumul. Ƙasa kuwa rami na nan, kuma yanzu ba abin da ke riƙe bangonsa.

Hajo ta dawo daga tuya, ta ce, "Har ka gama? Ka cike ta har ƙasa?"

Ya ce, "Wallahi har ƙasa, Inna."

Ta sa masa albarka, ta dama masa fura. Ya sha, ya lashe leɓe.

Wa ya gan shi? Hajo ba ta gani ba, duba-gari bai gani ba. Da ya ga abin ya tafi lami lafiya, sai ya maimaita a wasu gidajen. Aka fara yabonsa, wai ba mai saurin aiki kamarsa.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Gara na can ƙasa tana nata aikin, ba ta gaggawa.

Ana nan sai Kailani, ɗan Hajo, mai aiki a reluwe, ya tashi aure. Gidan ƙarami ne, babu fili sai gurbin rijiyar. Ya je wurin mutumin ya ce, "Malam, wurin nan zai ɗauki ɗaki kuwa?"

Ku duba rahamar Allah. Ga ƙofa an buɗe masa. Da ya ce, "Dakata, akwai gyara," da shi ke nan. Amma kunyar mutane ta fi masa nauyi. Ya yi dariya ya ce, "Ɗaki? Kai ko bene kake so, ɗora abinka."

Aka gina ɗaki, aka yi daɓe, aka kawo amarya, Maijidda.

Cikin marka, ranar da aka wuni ana ruwa, bayan azahar Maijidda na zaune tana tsintar shinkafa, sai daɓen ya buɗe. Ita da tabarma da akwatinta suka yi ƙasa. Laka ta riƙe ta har ƙirji, tana kiran surukarta. Kailani na wurin aiki. Maƙwabta suka ruga, wa za su kira in ba mahaƙin nan mai igiya ba?

Da aka faɗa masa gidan, bai tambayi me ya faru ba. Ya sani. Yana iya bin hanyar Hanwa ya bar gari ya ɓace, amma bai yi ba, wannan kam a rubuta masa. Ya ɗaura igiya ya sauka, ya tono yarinyar da hannunsa, ya kwance igiyar daga ƙugunsa ya ɗaura mata, aka ja ta sama da ranta. Kafin a mayar masa da igiyar, gefen ramin ya zube, bangon ɗaki ya biyo, ya danne masa ƙafa.

Da ƙyar aka zaro shi. Tare da shi aka fito da guntayen itatuwa da ruɓaɓɓiyar zana. Hajo ta ɗauki guntu ɗaya, ya marmashe a hannunta. Ta dube shi yana kwance cikin laka, ta ce, "Da sunan Allah fa ka rantse mini, ɗan nan."

Alƙali ya sa aka sayar da jakunansa aka sake gini. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙafa ta warke a karkace. Ba wanda ya sake kiransa aiki.

Ya 'yan uwa, wane ne cikinmu bai taɓa gyara saman aiki ya bar ƙasansa ba? Mai gini, tela, mai awo, kowa ya san inda ya gitta nasa itacen. Wanda ya ba ka aikin da ba zai iya dubawa ba, amana ya ba ka, kuma Allah yana ganin ƙasan kamar yadda yake ganin saman. Gyaran da za ka yi yau da 'yar kunya, gobe sai da jini.

Amma ƙofar tuba ba ta rufe. Da mutumin nan ya iya tsayuwa, ya ɗauki sanda ya bi gidajen da ya yi wa irin wannan aiki, yana cewa, "Kada a taka nan, rami ne." Wasu suka zage shi, wani ya kore shi da taɓarya. Ya jure. Ya rinƙa tone ramukan yana cikewa daga ƙasa, da kwando a ka tunda ba jaki, yana ɗingishi. Ba wanda ya sake faɗawa rami.

Wata safiya ya cika kwando da marmara a bakin kududdufi, ƙafar ta hana shi ɗagawa. Ya gwada, ya sake gwadawa. Sai ga Hajo za ta wurin tuya, ita da ba ta sake yi masa magana ba tun ranar nan. Ta ajiye kaskonta, ta kama gefe ɗaya, suka aza masa a ka. Kafin ya juyo da kayan, ta ɗauki kaskonta ta yi gaba.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya ba mu ikon komawa mu cike abin da muka bari a buɗe tun muna da ƙafar zuwa. Amin.