Tunkiyar da Ta Ƙi Fita Kiwo

Akwai wata gwauruwa a wani ƙauye, tana da 'yar tunkiya guda ɗaya, fara mai baƙin kunne. Al'adar ƙauyen ce kowane gida ya saki dabbobinsa da safe su bi makiyayin gari. Da yamma kuwa kowace dabba ta san ƙofarta, ita ke kawo kanta gida. Matar takan dama ruwan dusa ta ajiye a bakin zaure tana jira.

Wata rana tunkiyar ta dawo tana ɗingishi, ko kallon dusar ba ta yi ba. Da gari ya waye ta lafe a bayan rumbu, ta ƙi fita. Matar ta tari makiyayi a hanya ta ce, "Ɗan nan, me ya sami tawa?"

Ya ce, "Iya, raguna ne ke tunkuyinta a wurin shan ruwa. Wa zai hana rago tunkuyi? Ai da ƙafarta huɗu ta dawo miki."

Matar ta bar maganar, kada a ce ta cika ƙorafi. Ta koma gida ta ɗauki tsumagiya, ta kora tunkiyar cikin garke. Tunkiyar na tafiya tana waiwaye tana kuka, matar ta juya ta shige ɗaki.

Da yamma dabbobi suka shigo gari, kowace ta nufi gidansu. Tata ba ta zo ba. Ashe tsoron raguna ya sa ta ware daga garke, ta nausa daji da ƙishinta. Aka bi sawu har gindin dutse, nan sawu ya ɓace.

Har yau matar tana dama dusa kowace yamma. Da ta ji kukan tumaki sai ta miƙe tana duba kunnuwansu. In rana ta faɗi, ta zubar da ruwan, ta kife ƙwaryar.

To, ku ji ma'anar misalin, kada wani ya ce ba a gaya masa ba. Garken nan makaranta ce, tunkiya kuwa, ke uwa, 'yarki ce. Raguna su ne samarin da ba a kwaɓa ba, har da malamin da ke kai hannu inda Allah ya hana. Makiyayi shugaban makaranta ne; shugaban da ya gani ya ce wasa ne, Ubangiji zai nemi amana a hannunsa. Kai kuma uban rago, kwaɓi ɗanka tun ƙahonsa bai yi ƙwari ba.

Ke uwa, ranar da 'yarki ta ce ba ta son zuwa makaranta, ajiye tsumagiya. Zaunar da ita, ki tambaye ta, ki gaskata ta. Sa'an nan ki ɗaura zane ki je makarantar da ƙafarki, ko da za a ce kin cika ƙorafi.

Gwauruwar nan tana da dusa, ƙofarta kuma a buɗe take. Safiyar nan guda kawai take roƙo a maido mata, ba kuwa za a maido ba.