Makullin Ɗakin Inna

Akwai wani mutum da ake kira Mai Rariya, don sana'arsa ke nan. Ya haƙo ƙasar rafi, ya watsa ta da shebur a jikin rariyar waya, yashi ya wuce, tsakuwa ta gangaro gefe, magina su saya. Yana da ƙwazo, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma jama'a, akwai taurin kai!

Gidansu a kan gaɓar rafin yake. Ɗakin ƙarshe, wanda tagarsa ke kallon ruwa, na mahaifiyarsa ne. A nan ta haife shi da yayarsa, a nan mijinta ya cika. Idonta ya yi rauni, amma a ɗakin nan ko allura ce ta faɗi ta san inda za ta laluba.

Wani rani tsakuwa ta yi wuya a cikin rafi, masu haƙa sun yi yawa. Sai Mai Rariya ya sa diga a jikin gaɓa, daidai ƙasan ɗakin, ya ci karo da tsakuwa mulmulalliya, irin wadda ruwa ya daɗe yana gangaro da ita daga duwatsu yana goge ta. Direban tifa ya gani ya ce, "Ko nawa ka tara zan kwashe."

Inna ta leƙo ta taga. "Kai, me nake ji yana dukan ƙasan gadona?"

"Kaɗan zan ɗiba, Inna."

"Ubanka ya tsufa a sana'ar nan bai taɓa sa shebur a wurin nan ba. Ya ce tsakuwar ce ke riƙe da gaɓar."

Ya yi dariya ya ce, "Inna, ki bar wa masu ido aikin ido. Kafin damina zan cike ramin."

Kun ji fa maganar da ɗa ya faɗa wa uwarsa. Ta ja tagarta.

Kuma ya cika alkawari, a nan ma abin takaicin yake. Duk yashin da ya rairaye ya tara tsibi guda, shi ya tura da baro ya cike ramin, ya tattake, wuri ya yi sumul kamar ba a taɓa ba.

Ranar da yayarsa ta zo ɗaukar Inna zuwa gidanta don a duba mata ido, ta sauka ta damƙi ƙasar. Ta zurare ta tsakanin yatsunta tas.

"Ƙanena, ka zare ƙashi ka mayar da tsoka. Me zai tsayar da wannan?"

"Yaya, ke ma kin zama magini?"

Inna ta kulle ɗakinta, ta laluba hannunsa ta danƙa masa makullin. "Kada kaji su shiga. Ka riƙa buɗe taga ya sha iska kafin in dawo."

Ruwan farko da aka yi, rafi ya kawo, ya lashe rabin cikon. Yashi ba shi da abin kamawa, ruwa na taɓa shi yake bin sa. Nan ido ya raina fata. Mai Rariya ya ruga wurin direban tifa ya ce a dawo masa da tsakuwarsa, zai biya.

Direban ya ce, "Wace tsakuwa? Tana cikin ginin mutane, an kwaɓe ta da siminti. Sai dai ka je ka rushe."

Ya jera buhunan ƙasa, ruwa ya kwashe. Ya kafa itatuwa, ruwa ya tuge. Ya shiga rafi har ƙirji yana laluben tsakuwa da hannu, abin da ya tara a yini bai cika baro ba. Wallahi na tausaya masa, amma ruwa bai san tausayi ba.

Bai fitar da kayan Inna ba. A ganinsa fitar da su amincewa ce cewa ta fi shi gaskiya, kullum cewa yake gobe zai shawo kan abin.

Wata la'asar yana tsaye da shebur, bango ya tsage, ɗakin ya sunkuya ya tafi gaba ɗaya. Gadon, akwatin kayanta, sandar mahaifinsa da ke rataye, har ƙofar da kwaɗonta. Ya zauna a laka ya yi kuka kamar yaro.

Idon Inna bai warku ba, ya ma rufe. Yaya ta ce kada a faɗa mata, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Yanzu kullum maganarta ɗaya ce, a mayar da ita ɗakinta, can ne kaɗai ba ta buƙatar ɗan jagora. Kullum ana ce mata sai ruwa ya ɗauke.

Duk ranar da ya je gaishe ta, sai ta laluba aljihunsa ta taɓa makullin.

"Yana nan?"

"Yana nan, Inna."

"Kana buɗe tagar?"

Yaya ta kau da kai tana share hawaye da gefen mayafi. Shi kuwa ya ce, "Ina buɗewa."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Na san ba za ka bari komai ya taɓa min ɗaki ba."

Darasi: Idan babba ya ce kada ka taɓa, tsaya ka tambayi dalili kafin ka yi dariya. Akwai abin da in ka raba shi da mazauninsa, ƙarfinka da nadamarka ba za su mayar da shi ba. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai riƙe da diga a ƙasan gidansu yanzu haka.