Mai Batir da Autarsa

Akwai wani magidanci da ake kira Mai Batir. Sana'arsa fasa tsofaffin baturan mota, ya narka dalmar da ke ciki ya sayar. A tsakar gida ya kafa murhunsa, dab da igiyar shanya, inda autarsa ke wasan ƙasa.

Gida ɗaya suke da ƙaninsa, tela. Telan da matarsa sun daina ƙona shara, sun koma zuwa kasuwa da kwando maimakon leda, har sun shiga ƙungiyar iyaye masu kare muhalli.

Wata rana telan ya durƙusa gefen murhun ya ce, "Yaya, hayaƙin nan guba ne. Ƙungiyarmu ta samo wuri a bayan gari da ake wannan aikin a killace. Don Allah ka koma can."

Mai Batir ko ɗagowa bai yi ba. "Kai da na goya ne za ka koya mini sana'a? Je ka ci gaba da yawo da kwando kamar mai tallan tumatir."

Da magana ta ƙi, tela ya kwashe iyalinsa ya kama haya. Ranar tashi ya roƙi a ba shi Auta ta zauna wurinsu.

"'Yata ba marainiya ba ce," in ji Mai Batir.

Ranar da ƙungiyar ta tara iyaye a layinsu, da gangan ya ƙara wuta. Hayaƙi ya watsa taron, shi kuwa yana bakin ƙofa yana dariya.

Sannu a hankali Auta ta canja. Yarinyar da surutunta ke hana kowa sakat ta koma shiru. Kullum ciwon ciki, karatun da ta iya ya zube. Rannan ta faɗi tana jijjiga.

A asibiti likita ta dubi sakamakon jini, ta dubi baƙaƙen faratan Mai Batir.

"Me ake narkawa a gidanku?"

"Dalmar batir," in ji shi.

"Za mu rage dalmar da ke jininta," ta ce. "Amma abin da ta taɓa a ƙwaƙwalwa, ba duka zai dawo ba."

Ya rushe murhun da hannunsa. Tela ya zo da mutanen da yayansa ya kora da hayaƙi, suka kwashe gurɓatacciyar ƙasar tsakar gidan, babu wanda ya yi masa gori. Ya so a ce zaginsa suka yi.

Yanzu Auta tana aji ɗaya da ƙannen sa'o'inta. In ya je ɗaukarta, sai ta tsaya tana kallonsa tukuna, kafin ta gane shi.

Darasi: Abin da muke zubarwa da abin da muke ƙonawa, a jikin 'ya'yanmu yake sauka. In an yi maka gargaɗi, dubi maganar, kada ka dubi shekarun mai faɗa. Ku tura wa sauran iyaye, wataƙila wani ya kashe murhunsa tun da sauran lokaci.