Tawul ɗin Mama Damaris

A wani ƙaramin asibiti na ƙauye akwai wata nas, ana ce da ita Mama Damaris. Shekara talatin ta yi a ɗakin masu jego, rabin mutanen garin a hannunta suka faɗo duniya. Kowa ya san ta da farin tawul a kafaɗa. Da shi take share wa mai naƙuda gumi, da shi take goge hannu in ta gama wanke miki, da shi take kore ƙuda daga fuskar jariri. Kullum in ta tashi aiki sai ta wanke shi ta shanya. Ba ƙazama ba ce, kada ku ce na ce.

Amma akwai abin da ke ci mata rai. Matan da aka yi wa tiyata aka ciro ɗa, sau da yawa ɗinkin sai ya kumbura ya yi mugunya, zazzaɓi ya rufe su. Wadda za ta koma gida a kwana biyar sai ta yi wata guda. Wasu suka ce ruwan garin ne, wasu suka ce zafi ne. Ita kuwa ta yi ta addu'a.

Sai ya zama wata rana aka aike ta birni bita ta mako biyu, a kan yadda za a hana majinyaci kwasar wata cuta a cikin asibiti. Ta tafi tana gunaguni: "Ni za a koya wa wanke hannu? Da furfurata?"

A rana ta biyu malamin bitar ya karɓi tawul ɗinta, ya barbaɗa masa garin bula irin ta wanki, ya mayar mata. Ya ce, "Mama, ki yi aikinki yadda kika saba." Wasu nas suka kwanta kamar majinyata, ita tana bi gado gado. Kafin tsakar rana, ga shuɗi a goshin wannan, ga shi a bandejin wancan, ga shi a hannun ƙofa, har a jikin burodin da ta ajiye za ta ci.

Malamin ya ce, "Bula ana ganinta, Mama. Ƙwayar cuta ba a gani."

Ranar ba ta iya cin abinci ba. Fuskokin matan nan ne suka yi ta zuwar mata ɗaya bayan ɗaya.

Da ta dawo gida, ta ajiye tawul. Ta zubar da daron ruwan da duk ma'aikatan ɗakin suke tsoma hannu a ciki, ta sa bokiti mai famfo da sabulu a bakin ƙofa. Kafin a taɓa mace a wanke hannu, bayan an taɓa ta a wanke, a bar shi ya sha iska. Abokiyar aikinta Briskila ta riƙa rubuta abin da ya faru da kowace mace. A dā, cikin mata ashirin da aka yi wa tiyata, bakwai ne mikinsu ke ruɓewa. Bayan wata shida suka duba, cikin mata ashirin, ɗaya ce kaɗai mikinta ya ruɓe. Mama Damaris ta durƙusa a tsakanin gadaje ta gode wa Ubangiji.

Ba a daɗe ba aka kira taron nas na dukan asibitocin yankin, aka ce ta zo ta faɗi abin da bita ta haifar.

Briskila ta miƙa mata takarda ta ce, "Mama, ki karanta musu bakwai sun koma ɗaya, su tafa, ki zauna. Zancen tawul ki bar shi a gida. So kike a ce shekara talatin ke ce kike raba wa mata ciwo?"

Ta ce, "Kin yi gaskiya, 'yata." Don ita ma tana son mutuncinta, kamar ni da ku.

Da ta shiga ɗakin taron, ga shi kuwa, fararen tawul tara a kafaɗu tara. Duk waɗanda ta koya wa aiki ne, sun ɗauki har tafiyarta. Ta sunkuyar da kai ta karanta takarda. Aka tafa. Tana shirin zama sai wata mai suna Keziya ta ɗaga murya daga baya: "Ai dama mun san hannun Mama da albarka! Yadda kika koya mana, haka muke yi har yau."

Mama Damaris ta dubi tawul ɗin nan tara. In ta zauna, sunanta ya tsira, amma gobe tawul tara za su koma kan mikin matan mutane. Sai ta miƙe tsaye sosai.

"Keziya, ba hannuna ba ne, sabulu ne. Abin nan da ke kafaɗarku, ni na koya muku, kuma kuskure na koya muku. Shi ke ɗaukar ciwon wannan ya kai wa waccan. Ban sani ba, Allah ya nuna mini da tsufana. Ku gafarce ni, ku sauke shi."

Can sai Keziya ta ce, "To Mama, nawa fa sabo ne, maigidana ya sayo mini."

"Ki mayar masa ya yi wanka."

Aka fashe da dariya, wasu suna share hawaye. Ɗaya bayan ɗaya suka sauke. Da shekara ta kewayo, daga asibitocin nan ma aka zo da labari mai daɗi, mata suna komawa gida da jariransu a kan lokaci.

'Ya'yana, ga ma'anar wannan misali. Tawul shi ne halin da muka saba da shi har muna kiransa kirki. Ke da kike ɗauko zancen wannan gida ki kai wancan, wai don a taya su addu'a, da ke nake. Bular nan kuwa Maganar Allah ce, takan nuna inda hannunmu ya bi. In ta nuna maka, kada ka yi fushi, ka yi godiya, gama wanda Uba yake ƙauna shi yake nuna wa.

Amma babbar maganar ita ce ta taron. Mukan tashi a sujada mu ba da shaida rabi: "Ubangiji ya taimake ni." A tafa, mu zauna. Kuskuren da Ubangiji ya raba mu da shi kuwa mu ɓoye, alhali ƙannenmu suna nan suna kwaikwayonmu. Godiyar da ta cika ita ce ka faɗi har wurin da ke ba ka kunya, domin wani ya tsira.

Mu gode wa Allah saboda masu jinyarmu da suke yarda a koya musu. Ku kuma in kun je gaida marar lafiya, ku wanke hannu da sabulu kafin ku ɗora masa shi ku yi addu'a. Ubangiji ba zai ce kun makara ba.