Dutse Na Uku Yana Hannun Barmo

A zamanin da, tun gaɓar babban gulbi tana hannun dorina da kada, aka yi wani fari a ƙasar tudu wanda ya ƙafar da rijiyoyi, mutane suka watse. Cikin waɗanda suka yi kudu akwai ayarin maharbi Barmo, Barmo sa bauna waiwaye, wanda kibiyarsa ba ta komawa kwari da kunya. Amma in za a faɗi gaskiya, labarin nan na matarsa ne, Gwamma.

Ranar tashi kowa ya ɗauki abin da ya fi so. Manoma suka saɓa fartanyu, falke Korau ya ɗaure kantun gishirinsa, wani tsoho ya naɗe guga da igiyar rijiyar da ta ƙafe. Gwamma kuwa ta ɗora wa jaki duwatsun murhun uwarta guda uku. An yi mata dariya har an gaji.

"Gwamma, an ce miki can inda za mu babu dutse?"

Amsarta ɗaya ce. A kansu aka dafa abin da ya raine ta, a kansu za ta dafa wa 'ya'yanta.

Suka iso gulbi suka tarar ruwan da aka yi a wata ƙasa ya cika shi ya batse, ga mahara a bayansu ana hango ƙurarsu. Masunta sun gudu sun bar wani ƙaton jirgi a gaɓa. Mutanen tudu ne, ba wanda ya taɓa riƙe gorar tuƙi, amma wuya ba ta tambayar gwaninta. Suka ɗuru a ciki, yara da tsofaffi, Barmo ya tura.

A tsakiyar ruwa gorar ta kafe cikin laka, gulbi ya fizge ta daga hannunsa. Jirgi ya juya, ya miƙa inda ruwa ya so. Can ƙasa kuma akwai wasu duwatsu da ake kira Haƙoran Kura, inda ruwa yake faɗawa da rugugi, ko kututture ya shiga sai ya fito a farfashe. Gwamma ta rungume 'ya'yanta biyu, tana jin rugugin yana ƙaruwa.

Korau ya yi tsawa: "Nauyi! A ɗaura nauyi a jefa!"

Ya ba da kantunsa biyu ba tare da ya waiwaya ba, Allah ya ji ƙansa. Aka ɗaure da igiyar rijiya aka jefa, jirgi ya yi cak. Mata suka rangaɗa guɗa. Kaito, mutumin tudu! Bai taɓa ganin ruwan da ya fi ƙarfin kantu ba. Ba a jima ba jirgi ya fara jan gindi. Gwamma ta jawo igiyar ta ji ta sakayau, babu komai sai tabarmar da aka naɗe gishirin. Gulbi ya lashe dukiyar Korau, ko ɗanɗanonsa bai sauya ba.

Nan kuka ya tashi. Wasu suka rufe wa yara ido.

Gwamma ta dubi duwatsunta. Wallahi ta ji kamar za a sake binne uwarta, amma ta mirgino mafi girma ta cusa shi cikin guga. Ta san dutse kaɗai birgima zai yi a ƙasan ruwa, sai ta karɓi fartanyu huɗu ta giciya su a gindin gugan, bakin kowace yana duban waje.

"Maigida, ba ni tsirkiyarka."

Maharbi ba ya kwance baka a daji, amma Barmo ya kwance. Ta ɗaure tamau har yatsunta suka yi jini, aka cicciɓa aka jefa.

Igiya ta miƙe, ta saki, ta miƙe, ta saki. Ƙasan wurin falalen dutse ne, fartanyun suna ta karta ba su sami makama ba. Feshin Haƙoran Kura ya fara sauka a fuskokinsu.

Barmo ya cire kwarinsa ya miƙa mata. "Riƙe mini. Sai an sa musu baki a tsaga, kamar yadda ake kafa tarko."

"Ba ka iya ruwa ba!"

"Na iya bin igiya."

Ya kama igiyar ya nutse. Gwamma ta riƙe igiyar tana jin motsinsa a tafin hannunta, yana sauka, yana sauka. Sai igiyar ta yi ƙara ta miƙe kamar tsirkiya, jirgi ya girgiza ya tsaya. Ruwa da kansa ya karkato shi a hankali har ya goga da wani tsibiri mai ciyawa da itatuwa, maza suka cafki rassa suka fitar da kowa. Gwamma ba ta saki igiyar ba. Ta kira shi da sunan da ba ta taɓa faɗa a gaban mutane ba, har muryarta ta dushe. Motsin nan na tafin hannunta bai dawo ba.

Da yunwa ta ci yara, ta kafa duwatsunta biyu. Korau ya kawo mata wani dutse daga gaɓa, ta ture shi, ta kife tsohon kasko a gurbin.

"Na ukun yana hannun maigida," in ji ta. "Zai kawo."

A tsibirin suka zauna, shi ne Gungun Gwamma, Gwamma mai dutse biyu ta ci da gari. Jikokinsu sun zama masunta, kuma har yau da dutse da tsofaffin fartanyu suke ɗaura abin tsayar da jirgi, ba sa saye. In ka shiga madafin kowace mace a garin, dutse biyu za ka gani da kasko a kife. Baƙo in ya tambaya ina na ukun, ko amaryar jiya ce amsarta ɗaya: yana hannun Barmo, bai iso ba tukuna.