Allunan da Kogi Ya Mayar

A zamanin da, an yi wani ɗan ƙaramin gari wanda kogi ya raba biyu. Fada da kasuwa da makaranta suna gefe guda, manoma suna ƙetare. Sarkin garin, Korau, ya gaji wata doka: in an tashi rabon dukiyar baitulmali, ba a kashe ko wuri ɗaya kan abin da Sarki bai gani da idonsa ba. Doka ce mai kyau, ba musu. Sai dai da rani ake rabon, lokacin da kogi ya ƙafe har kaza ta iya ƙetare shi.

To, akwai wani tsoho, Mantau, Sarkin Jirgi, mai fiton mutane da damina a wani ruɓaɓɓen kwalekwale. Shekara tara yana roƙon gada. Kowace shekara Sarki ya zo ya ga yashi, Waziri Cindo ya yi murmushi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, gada a kan rairayi?" Sai kuɗi su tafi gyaran masaukin baƙi, don can ne ake yabon Waziri.

Ana nan, wata damina jirgi ya sake kifewa da 'yan makaranta. Waziri ya ce sakacin Mantau ne, a sare kansa. Sarki ya ɗage hukunci sai ranar rabo.

Ran rabo Sarki ya fita zagaya, fatake suka nuna masa rumfunan kasuwa da suka zube. Malam Jatau, mai koyar da yara, ya nuna karyayyen rufin makaranta. Da aka iso kogi, sai Mantau ya kwance wani buhu, ya jera alluna bisa yashi daga wannan gaɓa zuwa waccan.

Sarki ya ce, "Mene ne wannan, tsoho?"

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ba ya zuwa gaban Sarki da rani, shi ya sa na kawo abin da ya bari. Yaro yakan nutse, allonsa yakan taso. Shekara tara ina tsintarsu."

Waziri ya ce, "Alluna ba rubutu? Ai ko a kasuwa ana sayensu."

Ruwa kuwa ya wanke tawadar tas. Sarki ya sa aka kira Malam Jatau. Malam ya ɗauki na farko, ya juya shi, ya ce, "Na Gambo ne, ga inda ya tsage na ɗaure masa da fata. Wannan na Tabawa ne, kullum sai ta ciji kusurwarsa." Haka ya bi su, suna bayan suna, har ashirin da biyu. Sannan ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a bar maganar rufi. Su wa zan yi wa rufin?"

Kunya da baƙin ciki suka kama Sarki. Ya ce, "Waziri, idona na amince da shi, kai kuma ka zaɓa masa lokacin gani. Bana gada za a yi. Daga yau da tsakiyar damina za a riƙa rabo, a bakin kogin nan. Kai kuwa an tuɓe rawaninka, ka koma ƙetare da zama. Kullum a wannan jirgi za ka zo ka koma, sai ran da aka gama gada."

Aka sallami Mantau ba laifi. Ya san ran da gada ta tsaya sana'arsa ta mutu, bai ko damu ba.

Sarki zai juya, sai ya ga ƙaramin allo a hammatar tsohon. Ya ce, "Wancan fa, ba ka jera shi ba?"

Mantau ya ƙanƙame shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ni na sassaƙa wa jikata, ita ma ruwan ya ci ta. Ban kawo shi shaida ba. Ba na iya barinsa a gida ne."