Injin Yankan Marigayi Tanimu

Ku gyara zama, yau ku ne alƙalai.

A shekara guda Gwaggo Tabawa ta rasa mijinta Tanimu, mai shimfiɗa intalok, ta rasa rabin masu ba shi aiki. Abin da ta samu kuwa injin yanka ne ɗaya, da ma'aikatansa uku: Barau, Jatau da Ɗantala.

Tanimu ya rasu bai gama tsakar gidan wani Alhaji ba. Saura gefe, inda sai an yanka kowane tubali ya zagaye rijiya. Amma duk tubalin da aka ɗora wa inji sai ya tsage. Alhaji ya aiko cewa in Juma'a ta yi ba a gama ba, zai ba wani. Tabawa ta ce wa ɗan aike, "Ka gaya masa Tanimu ne ya mutu, ba shagonsa ba." Ta juya ta ce wa mutanenta, duk wanda ya fitar da ita kunya, shi za ta sallama wa injin.

Barau ya kwance faifan yanka na injin, ya juya shi a hannu. Ya ce, "Gwaggo, wannan baƙin ai na yankan ƙarfe ne. Mai sulɓin baki na tayil ne. Siminti sai mai daimon, mai giɓi kamar bakin tsohuwa." Tabawa ta ce, "Bakin uwarka." Amma ta kwance bakin zane.

Jatau ya shiga kasuwa da guntun tubali a aljihu. Masu giɓin kuwa ga su nan birjik, yawancinsu jabu, fenti kawai. Kowane shago ya shiga sai ya ce, "A ɗaura, a yanka wannan a gabana." Aka yi ta korarsa, har ya dace da wanda ya ratsa tubalin kamar wuƙa a kabewa.

Ɗantala ya fara yanka, faifan ya ɗau zafi yana neman lanƙwashewa, ga shi babu na biyu. Sai ya kashe inji, ya jiƙa tubalan a ruwan rijiyar, ya riƙa tsagawa sama-sama kafin ya nutsa, yana barin faifan ya sha iska. Ran Alhamis da la'asar aka share tsakar gida.

Alhaji ya gani ya yaba, har ya taya injin da tsada. Tabawa ta ce albarka. Ya ƙara, ta gyara mayafi ta wuce.

A shago ta tara su ukun ta ce, "Ga farashina: buhun gero duk kaka, kuma sunan Tanimu kada ya sauka daga ƙofar nan." Dukkansu suka ce sun saya.

Inji dai ɗaya ne, ba ya rabuwa. To jama'a, tsakanin wanda ya gane faifan, da wanda ya samo shi, da wanda ya hana shi ƙonewa, wa Tabawa za ta miƙa wa?